Komin Dabbobi a Tsakiyar Kasuwa: Abin da Tarihin Kirsimeti Yake Koya Mana

Karatu: Luka 2:1-24

Ya ɗan'uwa mai karatu, idan watan Disamba ya kama, kasuwa ce take fara gaya maka cewa Kirsimeti ya gabato, tun kafin mai wa'azi ya hau bagade. Farashin shinkafa yakan motsa, tela yakan daina karɓar ɗinki, kuɗin motar zuwa gida yakan ninka, yara kuma su fara kallon fuskar mahaifinsu suna jiran alkawari. Kowace shekara za ka ji dattawan ikkilisiya suna kukan cewa an ɓata bikin, a dā ba haka yake ba. Akwai gaskiya a cikin kukan nasu. Sai dai wanda ya bi sawun tarihi zai tarar cewa wannan ja-in-ja tsakanin bangaskiya da kasuwa ya girmi kakanninmu nesa ba kusa ba, ya ma girmi bikin kansa. Waɗanda suka riga mu cikin bangaskiya sun gwada hanyoyi dabam-dabam na fuskantarsa. Wasu hanyoyin sun ɓulle, wasu sun ɓata. Yana da kyau ka san su kafin ka ɗauki jakar cefane a bana.

Ranar da ta faɗo tsakanin bukukuwa biyu

Matiyu da Luka sun ba mu labarin haihuwar Ubangijinmu, amma babu ɗayansu da ya ambaci wata ko rana. Kusan shekara 300 masu bi na farko suka yi ba tare da bikin Kirsimeti ba. Babban idinsu shi ne na tashin Yesu daga matattu. Wajen shekara ta 200, Kilemen na Iskandariya ya rubuta cewa wasu a Masar suna lissafa haihuwar a watan Mayu, wasu kuma a Afrilu. Orijin, malamin da ya biyo bayansa a wannan birni, bai ma ga amfanin bikin ranar haihuwa ba, yana cewa a cikin Littafi Mai Tsarki Fir'auna da Hirudus ne aka ga sun yi shi, kuma kowannensu ya rufe nasa da zubar da jini.

Shaida ta farko a rubuce da ta nuna ana kiyaye 25 ga Disamba ta fito daga birnin Roma, cikin wani kundin kalanda na shekara ta 354, wanda jerin ranakun da ke cikinsa ya samo asali daga shekara ta 336. Masana suna ba da dalili biyu na zaɓen wannan rana. Wasu sun danganta ta da bikin rana da Romawa suke yi a lokacin da yini yake fara tsawo bayan tsananin hunturu. Wasu kuma sun nuna cewa tsofaffin malamai sun ɗauki 25 ga Maris a matsayin ranar da Maryamu ta ɗauki ciki, wata tara daga nan kuwa shi ne 25 ga Disamba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne wurin da ranar ta faɗo, wato tsakanin bukukuwa biyu da Romawa suka fi kashe dukiya a kansu.

Na farko shi ne Satunaliya, daga 17 zuwa 23 ga Disamba. Akan rufe kotuna da makarantu, a halatta caca, bayi su zauna cin abinci da iyayengijinsu, a kafa rumfuna ana sayar da kyandir da 'yan tsana na yumɓu domin kyauta. Na biyu shi ne bikin shiga sabuwar shekara a 1 ga Janairu, wanda shi ma rabon kyauta da kuɗi ne ginshiƙinsa. Tun wajen shekara ta 200, lokacin da babu Kirsimeti tukuna, Tartuliyan na birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya koka cewa Kirista suna kutsawa cikin waɗannan shagulgula, kyautai suna kai da kawowa a gidajensu, alhali kuwa masu bautar gumaka ba sa taɓa zuwa idin Kirista. Ka ga ke nan, kasuwar Disamba ta riga komin dabbobi kafa rumfa. A tsakiyarta Ikkilisiya ta zo ta ajiye shi.

Abin da iyayen Ikkilisiya suka gani

Bikin bai daɗe ba ya bazu zuwa gabas. A shekara ta 386 Yohanna Kirisostom ya gaya wa jama'ar Antakiya cewa ba a cika shekara goma da sanin wannan rana a wurinsu ba. Wajen shekara ta 380 kuma Giregori na Naziyanzus ya yi wa'azin haihuwar Almasihu a Kustantiniya, birnin da ake kira Istanbul yanzu. Da ka ji gargaɗinsa, sai ka ce jiya aka yi shi. Ya roƙi jama'a kada su mai da bikin gasar ƙawata ƙofofi da tituna, ko gasar tufafi masu laushi, duwatsu masu daraja, turare da giya mai tsada, alhali waɗanda aka yi su da yumɓu ɗaya da mu suna kwana da yunwa.

Wanda ya fi kowa zura ido a kan lamarin shi ne Asteriyus, bishop na Amasiya a ƙasar Turkiyya ta yau, cikin wa'azin da ya yi ranar 1 ga Janairu, shekara ta 400. Ya lura da inda kyautar bikin take dosa. Talaka yakan kai wa wanda ya fi shi, wannan kuma ya kai wa na gaba da shi, har kuɗin ya taru a hannun wanda ba ya bukatarsa. Yara ƙanana sukan bi gida-gida da 'yar kyauta domin a mayar musu da ninkinta, da haka ake dasa musu son kuɗi tun suna ɗanye. Manyan gari kuwa sukan zubar da dukiya a kan makaɗa da 'yan wasa domin a yabe su, su wuce gurgu da gwauruwa a bakin hanya. A Afirka ta Arewa, Agustin bishop na Hippo, inda birnin Annaba na Aljeriya yake a yau, ya ba jama'arsa umarni a taƙaice a irin wannan rana: idan maƙwabta suna musayar kyautar sabuwar shekara, su kuma su ba matalauta, idan ana ruguguwa zuwa gidan wasa, su nufi majami'a, idan ana buguwa, su yi azumi, wanda bai iya azumi ba kuwa ya ci daidai misali.

Lura da kyau, ɗan'uwa. Waɗannan iyaye ba su tsani murna ba, ba su kuma hana bayarwa ba. Tambayarsu ita ce ina kyautar take zuwa. Ta duniya hawa take yi, daga ƙasa zuwa sama, tana kuma jiran sakayya. Ta Allah kuwa saukowa ta yi. Manzo Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa Ubangijinmu mawadaci ne, amma ya ɗauki talauci saboda mu, domin mu wadata ta wurin talaucinsa. Luka ma ya bar mana alama: da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali, hadayar tsuntsaye biyu suka miƙa, wadda Littafin Firistoci ya keɓe wa macen da ba ta da halin ɗan rago.

Domin a shirya zuciya kafin a shirya tukunya, Ikkilisiya ta sa azumi a gaban bikin. A ƙasar Faransa ta yau, tun ƙarni na 5 akan fara shi bayan 11 ga Nuwamba. Har yanzu Kiristan Kibɗawa na Masar da na Habasha sukan ƙaurace wa nama da nono kwana 43 kafin idinsu na 7 ga Janairu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jakar zinariya da ɗan ingirici

Mutum biyu sun nuna wannan koyarwa a aikace fiye da yadda wa'azi zai iya. Na farko shi ne Nikolas, bishop na Mira a gaɓar kudancin Turkiyya, cikin ƙarni na 4. Labarin da Ikkilisiya ta adana a kansa ya ce akwai wani magidanci da ya talauce, yana da 'ya'ya mata uku da suka isa aure, ba shi kuwa da abin da zai aurar da su, har ana tsoron talauci zai tura su karuwanci. Kai da ka san nauyin kayan ɗaki a kan iyayen amarya ba ka bukatar a fassara maka wannan baƙin ciki. Nikolas ya je da dare ya jefa jakar zinariya ta taga, ya gudu. Ya sake yi wa ta biyu haka. A karo na uku uban ya yi kwanto ya kama shi, Nikolas kuwa ya roƙe shi kada ya gaya wa kowa. Kyauta ce ta ɓoye, ga wanda ba zai iya ramawa ba, domin ceton mutunci. Saboda tunawa da shi, a ƙasashen Turai aka saba ba yara 'yan kyautai ranar 6 ga Disamba.

Na biyu shi ne Faransis na Asisi, ɗan wani attajirin mai sayar da yadi a Italiya, wanda ya bar gadon mahaifinsa ya rungumi talauci. A Kirsimetin shekara ta 1223, a ƙauyen Gireciyo, ya roƙi wani abokinsa mai suna Yohanna ya shirya masa komi da ingirici, ya kawo sa da jaki. Burinsa shi ne mutane su gani da idonsu irin rashin da aka haifi Ɗan Allah a ciki. Mutanen ƙauye suka zo da fitilu cikin dare, aka yi sujada a kan komin. Masu rubuta tarihinsa sun ce yana so a wannan rana mawadata su ƙosar da matalauta, a ƙara wa dabbobi harawa, a watsa wa tsuntsaye hatsi. Ɗan mai yadi ne, ya san kasuwa ciki da bai, ya kuma san cewa maganinta shi ne a mai da idon mutane kan abin da ba a sayarwa.

Da aka gwada hani

A ƙarni na 16, masu gyaran Ikkilisiya sun rabu a kan bikin. Martin Luta ya riƙe shi da hannu biyu. Domin kada waliyyai su tsare wa Almasihu wuri, a ƙasashen da suka bi koyarwarsa aka mai da rabon kyauta daga ranar Nikolas zuwa Kirsimeti, ana gaya wa yara cewa daga wurin Jariri Almasihu ta fito. Wasu kuwa, musamman 'yan Furitan na Ingila, suka ga cewa tunda Littafi Mai Tsarki bai umarci bikin ba, kuma ya cika da buguwa, caca da fasiƙanci, gara a tumɓuke shi. A shekara ta 1647 majalisar dokokin Ingila ta soke shi. A Masacuset ta Amurka, dokar 1659 ta ɗora tarar sule 5 a kan duk wanda aka kama yana kiyaye ranar.

Dubi abin da ya biyo baya. Domin a tabbatar cewa 25 ga Disamba rana ce kamar kowace, sai hukuma ta umarta a buɗe kantuna da kasuwanni, a hana sujadar bikin a majami'u. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A birnin Kantabari jama'a suka yi bore a Disamban 1647, suka far wa kantunan da aka buɗe. Mutane suka ci gaba da ci da sha a gidajensu, abin da aka rasa shi ne addu'ar. Da aka maido da sarauta a 1660 dokar Ingila ta faɗi, ta Masacuset kuma aka soke ta a 1681. Niyyar waɗannan bayin Allah kyakkyawa ce, amma hani bai tsarkake zuciyar kowa ba. Ya dai nuna cewa shagalin yana iya rayuwa ba tare da sujada ba.

Yadda Nikolas ya koma ɗan talla

Kirsimetin da duniya ta sani a yau an ƙera shi ne a ƙarni na 19, a Ingila da Amurka, lokacin da masana'antu suka fara fitar da kaya fiye da bukata. Sunan da mutanen Holan suke kiran Nikolas da shi ya rikiɗe a Niyok ya zama Santa Kulos. Wata waƙa da aka buga a jarida a 1823 ta ba shi keken ƙanƙara da buhun kayan wasa. A 1843 Henry Cole ya sa aka buga katin Kirsimeti na farko na sayarwa a Landan, guda 1,000, kowanne sule ɗaya. Daga 1863 mai zane Thomas Nast ya yi ta fito da siffarsa a mujalla. A 1870 Amurka ta mai da ranar hutun gwamnatin tarayya. Daga 1931 tallace-tallacen Coca-Cola suka yaɗa hotonsa na dattijo mai ƙiba da jan kaya zuwa ko'ina. A 1939 Shugaba Roosevelt ya matso da ranar Idin Godiya ta Amurka da mako guda, bisa roƙon masu kantuna, domin a tsawaita kwanakin sayayya kafin Kirsimeti. Makonnin da Ikkilisiya ta keɓe wa azumi sun zama makonnin ciniki.

Bishop ɗin da ya gudu cikin dare don kada a gane shi ya koma zaune a ƙofar kanti ana ɗaukar hoto da shi. Har sunan Jariri Almasihu na Jamusanci, wanda mabiyan Luta suka kawo domin ya maye gurbin Nikolas, ya lanƙwashe a bakin Amurkawa ya zama wani laƙabi na Santa Kulos. A Disamban 1951 aka ƙone mutum-mutumin Baban Kirsimeti a ƙofar babbar majami'ar Dijon ta Faransa a gaban yara, da goyon bayan limaman Kirista, amma ba a jima ba hukumar birnin ta sake fito da shi. A Japan kuwa, inda Kirista ba su wuce kimanin kashi 1 cikin 100 ba, tallar da kamfanin KFC ya fara a 1974 ta mai da soyayyar kaza abincin Kirsimeti. A can za ka ga bikin da fitilunsa da kiɗansa cif, Mai bikin ne kaɗai ba a gayyata ba.

Da ya iso gare mu

Masu bishara sun iso ƙasarmu a daidai lokacin da wannan sabon Kirsimeti ya gama kafuwa a ƙasashensu. Gowans, Kent da Bingham sun sauka Legas a Disamban 1893, biyu daga cikinsu kuma suka rasu kafin shekara ta 1894 ta ƙare. Karl Kumm da abokansa sun kai Wase a 1904, Dakta Miller ya zauna Zariya a 1905, Kulp da Helser suka fara aiki a Garkida a 1923. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, shekara guda bayan jan dattijon nan ya fara tallar lemo. Abu biyu ne suka biyo hanya ɗaya zuwa gare mu, kuma har yau suna gasa a gidajenmu.

Bikin ya same mu a lokaci mai kyau, bayan kaka, rumbu cike. Mun kuma ƙara masa abubuwa masu daraja: komawa gida a gai da iyaye, watandar saniya domin kowane gida ya ɗanɗana nama, waƙoƙin Zumuntar Mata, da kwanon shinkafa da ake aika wa maƙwabci Musulmi, wanda shi ma yakan tuna da mu ranar Sallah. Kada kowa ya sa ka raina waɗannan. Amma ka auna sauran da ma'aunin Asteriyus. Buhun shinkafa da ragon da ake kai wa mai muƙami domin a tuna da mu, hawa suke yi ko sauka? Ankon da ya sa matar talaka ta ƙi zuwa sujada saboda kunya, wa ya ɗaukaka? Bashin da aka ci domin kada maƙwabta su raina mu, wanda zai hana yaro komawa makaranta a Janairu, sunan wa aka girmama da shi? Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, wanda kuma ya daka ta wani yakan rasa turmin daka tasa.

Ubangijinmu ya ba da ƙa'idar a sura ta 14 ta Luka, cewa mai shirya liyafa ya kira waɗanda ba za su iya rama masa ba, wato matalauta, guragu da makafi. Ba sai ka yi nisa wajen neman su ba. Akwai gidajen da Kirsimeti ya zama musu ranar makoki, tun daga harin majami'ar Madalla a 2011 har zuwa ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajiberen 2023. Akwai gwauraye da marayu a kan bencin da kake zama, akwai 'yan gudun hijira da suke kwana a azuzuwan makaranta, kamar yadda iyalin Yusufu suka yi gudun hijira zuwa Masar. Tsohuwar Ikkilisiya ta san abin da take yi da ta sa tunawa da Istifanas a 26 ga Disamba, shi da yake cikin mutum bakwai da aka zaɓa domin rabon abincin gwauraye, ta kuma sa tunawa da jariran Baitalami a 28 ga wata.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka shiga kasuwa ka zauna da iyalinka ku yi lissafi. Ku fara ware rabon wanda ba zai iya rama muku ba, ku ware kuɗin makarantar Janairu, abin da ya rage ku yi murna da shi ba tare da kunya ba, daidai ruwa daidai tsaki. Ku keɓe kwanaki na addu'a da kamewa kafin ranar. Ku karanta wa yara labarin haihuwar kafin su sa sabbin kaya, ku kuma bar su su ɗauki kwanon da hannunsu zuwa gidan da babu hayaƙi, kamar yadda Nikolas ya yi, ba tare da shela ba. Kasuwa ba za ta tashi ba, tun zamanin Roma tana nan. Aikinka shi ne ka tabbata cewa a gidanka an bar wa komin dabbobi tsakiyar ɗaki.

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka bar ɗaukakarka ka kwanta a kan ingirici saboda mu, ka tsare zukatanmu daga gasa da fariya. Ka buɗe idanunmu mu ga waɗanda ka sa kusa da mu, ka koya wa hannuwanmu bayarwa irin taka. Amin.